'Yata ta taso da son kwalliya: in hana ta ko in ƙyale ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 13, tun tana ƙarama ba ta barin jan bakina ya huta. Yanzu da kuɗin tararta take sayen hoda da gazar. Kwanan nan kuma na tsinci wani man haɗi marar suna a jakarta, wai ƙawarta ce ta ba ta don ta yi haske. Babanta ya ce a tattara komai a ƙona. Mece ce shawararki? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Ki ba Alhaji haƙuri, kada a ƙona komai da komai. Yarinyar da aka hana kwalliya a gida, a ɗakin ƙawa za ta koya, inda idonki ba ya kaiwa. Hoda da jan baki ba su dame ni ba, matuƙar tana wanke fuska kafin ta kwanta, kuma ba ta aron abin ido, domin ta nan ciwon ido ke yawo tsakanin 'yan mata.

Man nan shi ne abin tsoro, ki karɓe shi yau ɗin nan. Irin wannan haɗin yawanci ba ya rasa ɗayan sinadarai uku: hydroquinone mai dusashe launin fata, ko maganin steroid mai ƙarfi irin clobetasol, ko mercury. NAFDAC ba ta yarda hydroquinone ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, a 2023 ma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. To wa ya auna abin da aka dama a roba a bayan shago? Steroid yana cinye kaurin fata har koren jijiyoyi su fito fili, nankarwa ta tsattsage hannu da cinya tun yarinya ba ta san aure ba. Mercury kuwa ƙoda yake ci a hankali. Ki duba gaɓoɓin yatsunta da bayan kunnenta. In sun fi sauran jiki duhu sosai, wataƙila ta jima tana shafawa, sai ki kai ta asibitin Barau Dikko a duba, domin fatar da ta saba da steroid takan yi bore idan aka yanke mata lokaci guda.

Akwai biyu da muke rainawa don mun gada. Kwallin dutse sau da yawa dalma ce a cikinsa: a 2011 an samu wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston ta Amurka da gubar dalma a jini, aka gano daga kwallin da ake sa masa ne. Sai baƙin lalle na biki, wanda ake zuba wa sinadarin rinin gashi, PPD. Yakan tashi ƙuraje masu ruwa, zanen furen ya zauna tabo. Jan lallenmu na ganye ba ya haka.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar "haske". Wani ya sa wa yarinyar nan a zuciya cewa launinta bai yi ba, kuma ba mamaki a cikin gida ta fara jin ana yabon fara ana tsallake ta. Ki zaunar da ita ki tambaya, ba da faɗa ba. Sannan ku tafi Kasuwar Gumi tare, ta zaɓi hodar da ta dace da fatarta, ki nuna mata inda ake duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Don hunturu kuma, man kaɗe mai kyau ya ishe ta.