Kar ka saka faswod a cikin skirif ɗin nan

To yaro na ga saƙonka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka gaji da bin tebur-tebur kana haɗa wa ma'aikata foldar sabar da hannu, washegari kuma a kira ka wai diraif ya fito da jan X, shi ne kake so ka rubuta skirif (jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta) ɗaya da net use, umarnin haɗa folda a matsayin diraif, ka saka sunan wani akawun da faswod ɗinsa a ciki kowa ya riƙa shiga da shi in ya kunna kwamfuta. Batun daina bin tebur ka yi daidai, na ji daɗi ma da ka fara wannan tunanin. Batun faswod kuwa don Allah ka ajiye shi tun yanzu.

Skirif ɗin shiga ai a NETLOGON ko SYSVOL yake zama, wato foldodin da ke kan sabar da ke kula da domen (tsarin da ya haɗa kwamfutoci da akawun na ofis wuri ɗaya), kuma duk mai akawun a domen zai iya buɗe wurin ya karanta, haka aka gina shi, in ba haka ba kwamfutocin ma ba za su iya ɗauko shi ba. Ka ga kenan ka kulle sito ka rataye makullin a jikin ƙofa. Su kansu Microsoft da sun bari ana ajiye faswod a cikin Group Policy Preferences, wani ɓangare na Group Policy da ake tura wa kwamfutocin domen saiti da shi, a ɓoye, amma makullin warware shi yana cikin takardunsu da kowa ke gani, a 2014 suka fitar da gyaran tsaro MS14-025 suka toshe hanyar. Ga wata kuma, in mutum talatin suna shiga da akawun ɗaya, ranar da fayil ya ɓace wa za ka ce ya goge?

Ba ka ma buƙatar faswod ɗin. Kwamfutar tana cikin domen, mutum ya shiga da akawun ɗinsa, a take Kerberos, tsarin tantance masu shiga domen, ya ba shi tikiti, da tikitin nan sabar za ta karɓe shi ba tare da ta sake tambayarsa komai ba. Naka aikin kawai ka faɗa wa kwamfuta wace folda za ta haɗa a wane harafin diraif. Tun Windows Server 2008 akwai wurin yin wannan ba skirif, ka buɗe Group Policy ka bi User Configuration, Preferences, Windows Settings, Drive Maps, ka saka hanyar foldar da harafin, sannan a shafin Common ka kunna item-level targeting, mai zaɓen waɗanda saitin zai shafa, ka ɗaura shi a kan guruf na Active Directory, rajistar akawun da guruf na domen. 'Yan akanta gurufinsu daban, 'yan sashen ma'aikata nasu daban. Sabon ma'aikaci ya zo ka jefa shi a guruf shi kenan, an canza masa sashe ka cire shi ka saka a wani, amma ka ce masa ya fita ya sake shiga don sai a lokacin shiga ake ɗauko jerin gurufin mutum.

Abin da yara da yawa ke kwafsawa a nan, kuma ka riƙe shi da kyau, harafi ba izini ba ne. Don ba ka nuna wa mutum diraif ba ba yana nufin ba zai iya shiga ba, in ya san hanyar ya rubuta ta a Explorer zai faɗa ciki muddin izini a buɗe yake. Tsaron yana kan sabar, izinin rabawa da izinin NTFS, wato wanda ke kan foldar kanta a faifai, in sun saɓa wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Ni gurufin da na ba izini a NTFS shi ɗin dai nake ɗaura diraif a kansa, ba na raba su, don da zarar ka raba wata rana sai ka ga mutum yana ganin diraif amma ana hana shi buɗewa.

Hanyar foldar kuma da suna za ka rubuta ta, kar ka saka lambar IP, da lamba yawanci Kerberos ba ya aiki sai a koma tsohon tsarin tantancewa na NTLM. In akwai DFS, mai ba foldodi hanya ɗaya ko a wace sabar suke, ka bi ta shi ya fi, ranar da aka canza sabar ba sai ka taɓa komai a Drive Maps ba.

Wajen zaɓen aiki (Action) a Drive Maps ka ɗauki Update. Replace yana cire diraif ne ya sake haɗawa, kuma Group Policy na sabunta kansa duk minti 90 da ɗan ƙari har zuwa 30, to a Windows na yanzu mutum na tsakiyar aiki a Excel sai diraif ya zame masa. Na taɓa kwana biyu ina zargin waya da swic a wani ofis ashe wannan ne.

Shi jan X ɗin naka galibi gaggawa ce, mutum ya shiga kafin netwok ya gama tashi, musamman laftof da ke kan wayifai, shi ya sa in ka danna diraif ɗin sau biyu sai ya buɗe lafiya. Akwai saitin da ake kira Always wait for the network at computer startup and logon, yana magance wannan amma shiga za ta ɗan yi nauyi, kwamfutar tebur nake saka wa shi. Wanda ke gida kuwa sai VPN ya haɗu tukuna, ba abin da saitin nan zai yi masa. In ma ka dage sai skirif, ka sani tun Windows 8.1 ana jinkirta skirif ɗin shiga da minti 5 in ba ka canza ba. Kwamfutar da Intune, manhajar Microsoft mai kula da na'urori ta intanet, kaɗai ke kula da ita da kuma Mac hanyarsu daban ce, mu bar su sai ka ƙware a wannan.

In an kira ka diraif bai fito ba kar ka fara da sake haɗawa da hannu. Rubuta hanyar a Explorer tukuna, in ta buɗe matsalar ta Group Policy ce, ka buga gpresult /r ka ga ko dokar ta iso shi kuma yana cikin guruf. In ba ta buɗe ba ka duba DNS mai juya suna zuwa lambar IP, ka duba ko an toshe fot 445 da ake rabon fayil ta shi, ka duba agogo don in ya saɓa da na domen fiye da minti 5 Kerberos na iya ƙi. Kuma ko wa ya ce ka kunna SMB1, tsohon tsarin rabon fayil, don wata tsohuwar na'ura ka kira ni tukuna, ta nan bayiros ɗin WannaCry ya bi a 2017.

Gobe ka ware OU na gwaji, wato rukuni daban a Active Directory, kwamfuta biyu, akawun biyu a guruf daban-daban, ka haɗa shi a nan ka turo min abin da gpresult ya nuna kafin ka taɓa na ma'aikata.