Tambayi Likitan Dabbobi: Kumburin Saifa da Aikin Cire Ta a Jikin Kare

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon da yawa sun taru a kan saifar kare, don haka na haɗa su wuri guda.

Likita, kare zai iya rayuwa idan an cire masa saifa? Daga wani mai gadi a Kaduna.

Ƙwarai kuwa, Malam. Aikin saifa tace jini ne da kawar da ƙwayoyin jinin da suka tsufa, kuma idan babu ita hanta ce ke ɗaukar mafi yawan aikin. Zai ci, zai yi gudu, zai yi maka gadi kamar da. Sai dai daga ranar, kaska ta zama babbar abokiyar gabarsa, domin garkuwarsa da cututtukan jini ta ragu.

Ni mafarauci ne daga yankin Bauchi. Karena ya rame, ba ya cin abinci, fitsarinsa ya yi ja, gefen cikinsa na hagu ya kumbura. Dattawanmu sun ce saifa ce, a yi masa tsaga a wurin a shafa magani, ko a yi masa lalas. Na riga na yi masa allurar Berenil sau biyu. Shin in bari a tsaga, ko in kai a cire saifar gaba ɗaya?

Ɗan'uwa, don Allah ajiye askar nan, kuma kada ka ƙara yi masa allurar. Wannan saƙo ya fi duk sauran tayar mini da hankali, domin abubuwa biyu da ka ambata kowannensu shi kaɗai yana iya kashe karen.

Dattawa sun yi gaskiya cewa saifa tana gefen hagu, a bayan haƙarƙari, jingine da tumbi. Inda aka kuskure shi ne zaton cewa ita ce ciwon. Yawancin lokaci a ƙasarmu kumburin saifa alama ce ta wani ciwo da ke cikin jini. Kare mai shiga daji yana kwaso kaska, kaska kuma tana zuba masa ƙwayar cutar babesiya, wadda ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Fashewar ce ke sa fitsari ya yi ja, dasashi ya yi fari ko ruwan ɗorawa. Saifa kuma, tunda ita ke kwashe ƙwayoyin da suka lalace, sai aiki ya yi mata yawa ta kumbura. Haka cutar erlikiya, ita ma ta kaska, da sammore da ƙudan tsando ke kawowa, duk suna kumbura ta. A irin wannan hali saifa yaƙi take yi wa karenka. Likitan da ya cire ta alhali babesiya na cikin jini ya kwance wa kare ɗamara a tsakiyar fama.

To tsagar fa? Aska fata kawai take yanka. Tsakanin fata da saifa akwai kitse da tsoka da tantanin ciki, babu wani mugun jini da zai biyo ta nan ya fita. Abin da zai fita shi ne ɗan jinin da ya rage wa dabbar da dama jininta ya ƙare. Idan kuwa erlikiya ce, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙaranci, yanka kaɗan sai ya ƙi tsayawa. Idan hannu ya zarce aska ta taɓa saifar da ta cika da jini, kare zai mutu kafin ku samo abin hawa. Lalas kuwa ƙuna ce kawai a kan marar lafiya, ga azaba ga gyambo. Na san ana yi wa yara ƙanana irin wannan tsagar idan zazzaɓin cizon sauro ko sikila ya kumbura musu saifa, kuma wallahi abin yana ɓata mini rai. Wanda ya ga haka a jikin ɗansa ya nufi asibiti, kada ya nufi gidan wanzami.

Sai batun Berenil. Maganin yana kashe babesiya da sammore, shi ya sa makiyaya suka amince da shi a kan shanu. Amma jikin kare ba ya jure shi kamar na saniya. Tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kashewa 'yar kaɗan ce, kuma maimaita allurar kusa da kusa yana sa jini ya tsiyaya a ƙwaƙwalwa. Idan ka ga karenka yana tangaɗi, ko ƙafafunsa sun sandare, ko idanunsa suna rawa, ko yana kuka ba dalili, to gubar ce, kuma babu wani makari da aka sani. Wanda zai yi wannan allura dole ya ɗora kare a sikeli tukuna, ba a kintata da ido.

Abin yi yau, ba gobe ba: kai shi asibitin dabbobi, ka faɗa wa likita ranakun da ka yi allurar da yawan abin da ka zuba, kada ka ɓoye. Za a ɗebi ɗigon jini daga bakin kunnensa a duba a madubin likita, a auna yawan jinin. Lafiyayyen kare awon jajayen ƙwayoyinsa yana tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin 100, idan ya faɗi ƙasa da 20 ana fara maganar ƙarin jini. Erlikiya ana yi mata maganin doksisaikilin na tsawon kwana 28, ba na kwana uku a daina ba. Idan aka kashe cutar, saifar da kanta take komawa daidai. Ka kai shi, ina roƙonka.

Karyata irin ta Jamus ce, Alseshan, shekararta tara. An yi mata sikanin an ga ƙari a saifa, an ce sai an yi aiki. Na karanta a intanet cewa ana yi da kyamara ba tare da an farke ciki ba. Wanne ya fi? Kuma me ya sa ba za a yanke ƙarin kawai a bar sauran ba? Daga wata Hajiya a Abuja.

Hajiya, naki ya sha bamban da na mafaraucin. Kumburin saifa baki ɗaya daban, ƙari a jikinta daban, kuma shi ƙari tiyata ce maganinsa.

Hanyar da aka fi bi ita ce buɗe ciki ta tsakiya, daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa ƙasan cibiya. Yankan yana da tsawo, kuma da gangan ne: ƙarin saifa yana da rauni, idan aka matsa shi ta ƙaramar kafa sai ya fashe a hannun likita. Bayan an fito da ita sai a ɗaure jijiyoyin jininta. Wasu likitoci suna bin ƙananan jijiyoyin da ke shiga jikin saifar ɗaya bayan ɗaya, abin da ke cin lokaci amma yana kare jinin da ke zuwa tumbi. Wasu kuma suna ɗaure manyan rassan kaɗai, wanda ya fi sauri idan dabba tana zubar da jini, da sharaɗin a kiyaye reshen da ke ciyar da fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Akwai na'urar da ke liƙe jijiya da zafin lantarki, tana rage lokacin aiki sosai, amma zaren ɗinki a hannun gwani yana yin abin da take yi.

Aikin kyamara gaskiya ne ana yin sa. Ana huda ƙananan ƙofofi, a hura iska a cikin, a yi aiki ana kallon allo. Ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, kare kuma ya fi saurin miƙewa. Amma ya dace ne da ƙaramin ƙari wanda bai fashe ba, a jikin dabbar da jininta ke daidai. Idan ƙarin babba ne, ko jini ya riga ya taru a ciki, buɗewa ake yi. Buɗewar tana ba likita damar duba hanta da sauran kayan ciki da idonsa da hannunsa. A ganina kada ki ɓata makonni kina neman inda ke da kyamara alhali ƙarin yana iya fashewa a daren yau.

Yanke sashe a bar sashe ana yin sa ne idan rauni ya taɓa gefe ɗaya na lafiyayyiyar saifa. Ba a yi da ƙari, domin ido ba ya bambance dunƙulen jini marar illa da sankara. Dole in faɗa miki gaskiya: a tsofaffin Alseshan akwai sankarar jijiyoyin jini mai suna hemanjiyosakoma, mai saurin yaɗuwa zuwa hanta da huhu da zuciya. Idan ita ce, tiyata kaɗai takan ba da wata ɗaya zuwa uku, da ƙarin maganin sankara kuma wajen wata huɗu zuwa shida. Idan dunƙulen jini ne kawai, cirewar ta warkar da ita. Saboda haka ki nemi a yi hoton ƙirji kafin aiki, kuma ki dage a aika saifar ɗakin gwaji bayan an cire, kada a jefar. Ki kuma tambayi likitan ko zai ɗinke tumbi a jikin bangon ciki a lokaci guda, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yakan murɗe. Kafin ranar aiki, duk lokacin da kika ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, cikinta ya ɗaga, ki ɗauke ta a take ko da tsakar dare ne.

Babur ya buge karena jiya, ya tashi ya tafi da ƙafarsa. Yau ya kwanta yana haki. In jira? Daga Zariya.

A'a. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, idan fari ne to jini yake zubarwa a ciki, kuma saifa na cikin gaɓoɓin da suka fi fashewa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana garinku. Ɗauke shi a kwance, kada ka danna cikin.

An ce saifar karenmu ta murɗe. Ba za a iya warware ta kawai ba?

Ba a warwarewa. Jinin da ya maƙale a ciki ya lalace, idan aka sake shi zai kwarara cikin jiki da gubarsa da gudajinsa. A murɗen ake ɗaure ta a cire, kuma aikin gaggawa ne.

Za a iya ƙara wa kare jinin mutum?

Sam. Jinin kare ake ba kare. Mai bayarwa ya zama lafiyayye, mai nauyin kilo 25 zuwa sama, wanda aka tabbatar ba ya ɗauke da cutar kaska. Mai shirin tiyata ya nemi irin wannan kare tun kafin ranar.

An yi wa karena aikin kwana uku da suka wuce. Yana lasar ɗinkin, kuma kamar yana jin zafi. In ba shi Panadol ko diklofenak ɗin da nake sha? Maƙwabcina ya ce in shafa baƙin mai don ƙuda. Daga Sakkwato.

Haba Alhaji! Baƙin man inji a kan ɗinkin ciki? Guba ce, kuma lashewa zai yi. Diklofenak da ibuprofen suna huda tumbin kare su lalata ƙoda, Panadol kuma idan awo ya wuce yana ɓata hanta da ƙwayoyin jini, ga dabbar da jininta bai gama dawowa ba. Koma wurin wanda ya yi aikin ya ba ka maganin zafi na karnuka, ya kuma sa masa abin wuyan roba da ke hana lasa. A tsare shi a wuri mai tsabta, babu gudu babu tsalle, sai an cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Riƙa duba dasashinsa safe da yamma. Idan ya yi fari, ko ciki ya kumbura, ko ɗinkin ya fara ruwa, ko ya yanke jiki ya faɗi, koma asibiti nan take, domin bugun zuciya yakan rikice a kwanakin farko bayan wannan aiki. Maganin kaska kuma a hannun likita za ka karɓa, kada ka kusanto masa da Sniper.