Amsoshin tambayoyinku: sara, sassabe da sauran kalmomin masu hawa bishiya

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin da suka taru mini a wannan makon kusan duk a kan itace suke, ina jin dai saboda iskar bazara ta fara kaɗawa ne, kowa ya fara ɗaga kai yana kallon reshen da ya ranƙwafo kan kwanon gidansa. To bari mu ɗauke su yadda suka zo.

Wani bawan Allah daga Funtuwa ya rubuto yace: "Allah gafarta malam, na kira mai saran bishiya saboda darbejiyar ƙofar gidana ta fara taɓa wayar wuta, nace masa ya sare ta, na tafi kasuwa, da na dawo sai na tarar ya kwantar da ita gaba ɗaya sai kututture. Laifin wa, nawa ko nasa?"

Ɗan'uwa kayi haƙuri, amma in dai Hausa za a bi to mutumin nan abin da ka ce shi ya yi. Wannan wasalin "e" da ke ƙarshen "sare" ba ado ba ne, aikinsa nuna cewa an gama da abu kakaf, kamar yadda ake cewa ƙona da ƙone, ko kama da kame. In ka ce ya sari bishiya to ya kai mata sara ne, tana nan tsaye. In ka ce ya saro reshe to ya yanko ya kawo nan. Amma in ka ce ya sare ta, ai ka ba shi izinin kayar da ita kenan. Abin da ya kamata ka ce shi ne ya rage mata rassa, ko ya sassabe ta, wasu ma cewa suke a yi mata aski. Sai dai shi ma ban wanke shi tas ba, don duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san mutanen gari ba sa bambance waɗannan kalmomi, kuma da yawa daga cikinsu ciniki biyu suke yi, ko ka biya su kuɗin aiki ka riƙe itacenka, ko su yi aikin su kwashe itacen a bakin ladansu, to in cinikinku irin na biyu ne ka ga dalilin da ya sa bai tsaya ya sake tambayarka ba.

Tunda mun shigo nan bari in ɗan tsaya a kan yadda aikin yake, don kalmomin ba sa fitowa sai an ga masu su a bakin aiki. Da sassafe suke zuwa kafin rana ta yi zafi iska ta taso. Maigidansu shi ke hawa, ba takalmi, addarsa a soke a bayan wando ko kuma ya bar ta a ƙasa sai ya kai inda zai zauna sannan ya zuro igiya yaransa su ɗaura masa ya ja. Kafin ya taka kowane reshe sai ya gwada shi da ƙafa, ya duba ko akwai gidan rina ko zuma, don mutum yana can sama rina ta yi masa ca ba inda zai gudu. Reshen da za a cire sai an ɗaura masa igiya tukuna, yara biyu ko uku suna ƙasa riƙe da ita, sannan ya fara sara ta ƙarƙashin reshen kaɗan kafin ya koma ta sama, saboda in ta sama kawai ya sara nauyin reshen zai sa ya tsage ya ɗaye ɓawon jikin uwar har ƙasa, kuma wannan ciwon ne ruwa ke shiga bishiya ta fara ruɓa ta ciki. Da reshen ya fara ƙara sai ka ji yace "ku ja!", ko "a kauce!", in ya sauka sai na ƙasa su daddatsa shi gunduwa-gunduwa, manyan su ne gungume, ƙananan ƙirare. Faskare kuma aikin wani ne daban, mai gatari da zai tsaga gungumen a tsaye ya zama itacen girki. Shi kuwa sassaƙa na masassaƙi ne da gizagonsa, mai fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya. Yanzu injin yanka ya shigo, aikin yini guda sai a gama shi kafin azahar, amma har yau ba inji ke hawa ba, mutum ne ke hawa da shi, kuma ni a ganina ya ƙara haɗarin ne ma, don adda in ta kuɓuce faɗuwa take, inji kuwa yana ci ne ko da ya bar hannu ɗaya.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta tambayi ma'anar "sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho", tace ita a waƙoƙin siyasa kawai take jinta, kuma ta ɗauka Gamji sunan Sardauna ne.

Hajiya, Gamji laƙabin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ne, Firimiyan Jihar Arewa da aka kashe ranar 15 ga Janairu 1966, amma daga bishiya aka aro masa. Gamji babbar bishiya ce dangin su ɓaure da cediya da durumi, mai faffaɗan ganye da farin ƙaro kamar madara in an sare ta. Wanda ya yi wannan karin magana ya san itace ba a baki ba, don duba kalmomi biyun da ya zaɓa: sara shi ne a cire mata rassa, makiyaya su saro wa dabbobi ganye, sassaƙa kuma a nan ba ta masassaƙi ba ce, ita ce a feƙe ɓawon jikinta, irin wadda masu magani ke yi, shi ya sa za ki ji ana cewa a jiƙa sassaƙe a sha. Wato an ci ta ta sama an ci ta ta jiki, amma da ruwa ya sauka sai ta sake fesowa. Akwai itatuwan da in aka zagaye jikinsu da sassaƙa shi kenan sun mutu a tsaye, don ta ƙarƙashin ɓawon nan abinci ke bi ya sauka zuwa saiwa, su kuwa dangin gamji suna da saurin rufe ciwo. Ma'anar dai mutumin da Allah ya ɗaukaka, sukar mahassada da zagon ƙasa ba sa hana shi ci gaba. Toho da tofo duk ɗaya ne, bambancin karin harshe ne kawai, kamar yadda wani zai ce fari wani yace hwari.

Sai wani ɗalibi daga Zariya, shi tambayarsa a kan faɗowa ce: mene ne bambancin faɗo, rikito da diro?

Yaro wannan tambaya ta yi mini daɗi. Diro da niyya ake yi, mutum ya ga ya kusa ƙasa ya saki reshe ya diro a kan ƙafafunsa. Faɗo kalma ce ta gama-gari, mangwaro ma faɗowa yake. Rikito kuwa ita ce mummunar, daga can ƙololuwa ba shiri, mutum yana karo da rassa yana juyawa har ya iso ƙasa, ba a cewa wani ya rikito daga kan kujera sai dai in ana zolaya. Kafin a kai ga haka akwai zamewa, wato ƙafa ta goce a kan ɓawon da ruwa ya jiƙa, da suɓucewa, wato hannu ya saki. A wajen hawa ma haka, wanda ya hau daban da wanda ya ɗare, ɗarewa tana nuna sauri da gwaninta, in ya tsaya a tsakiya ya kasa gaba ya kasa baya sai a ce ya maƙale. Masu figar ganyen kuka a ƙarshen damina sun fi kowa sanin waɗannan kalmomi, don kuka jikinta sulɓi ne ga kauri ba a iya rungumarta, sai an kakkafa mata turaku a jiki ana takawa kamar tsani, kuma itacenta ba ƙwari, reshe mai kaurin cinya sai ya karye da mutum ba gargaɗi. Daga nan sai gidan maɗori. Abin mamaki da ya warke sai ka sake ganinsa a sama, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, ko biri ya karye ya hau rumbu. A nan ne kuma aka samo "an faɗo daga kan dabino an zarce rijiya", wato ana cikin wata masifa aka afka wadda ta fi ta, kuma ba ƙirƙira ba ce, dabino a fadama da lambu ake shuka shi inda rijiya take kusa da gindinsa.

Wani malamin makaranta daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar yace suna gardama da abokansa a kan "inuwar giginya, na nesa ka sha", wai wane ne "ka" ɗin, kai da ake yi wa magana?

Malam, ai ku ya kamata ku ba mu amsa, don yankinku na Dallol Mawri yana cikin inda giginya ta fi yawa a ƙasar Hausa. Wannan "ka" ba wakilin suna ba ne, tsohuwar siga ce da har yau take raye a Hausar yamma, Sakkwato da Kabi da Gobir da ƙasar Arawa, daidai take da "ke" ko "kan" a Hausar Kano. Irinta ce a "makashin maza, maza ka kashe shi". Wato na nesa ne ke shan inuwar. Giginya doguwa ce sambal ba reshe, ganyenta duk a can ƙoli, sai inuwar ta faɗa nesa da gindinta, wanda ya zauna a ƙarƙashinta rana ce rabonsa, in ma bai yi sa'a ba ɗan giginya ya faɗo masa a ka. Ana faɗinta ga mai arzikin da bare ke mora 'yan gida na kallo. Masu hawanta kuwa rungumarta suke da ƙirji da cinya, wasu su sa igiya su zagaye kansu da ita, kuma ka duba ƙirjin mai wannan aiki za ka ga ya yi kanta. Ganyen suke sarowa da 'ya'yan, ƙwallon a binne shi ya fito da muruci, in kuma an kayar da ita a tsattsaga ta a yi azara wadda gara ba ta cika ci ba.

Shi wannan malami ya ƙara da tambayar "sassabin zamani". Asalin sassabe shi ne share gona kafin damina, a sare duk wani tsiro da ya fito daga kututture a tara a ƙone. Na zamanin kuwa a Maraɗi ya samo asali a 1983, lokacin da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ake ɗauka sabara ce da ciyayi, da yawansu toho ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare amma saiwarsu tana raye. Maimakon a share duka, manomi ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya rage musu rassan ƙasa da wuƙa ko lauje mai kaifi yana yanka daga ƙasa zuwa sama. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawanci a Maraɗi da Damagaram, kuma gawo na kan gaba saboda yana zubar da ganye da damina, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi ganye makiyaya su hau su saro wa dabbobi. Ka ga kalma ɗaya ce, da tana nufin a kawar, yanzu da aka ƙara mata "zamani" ta koma a zaɓa a yi reno.

Na ƙarshe wani ne daga Kumasi yake tambaya ko bishiya da itace da icce abu ɗaya ne. A Kano bishiya ita ce mai rai a tsaye, itace kuma yawanci wanda aka saro za a ƙona ko a yi aiki da shi, duk da cewa za ka ji 'ya'yan itace da itatuwa. A Sakkwato da Katsina da yawancin Nijar icce ya ɗauke duka biyun, mai rai da busasshe. Saboda haka in Basakkwace yace maka yaronsa ya hau icce kada ka tsaya neman tarin makamashi a tsakar gida. Darbejiyar mutumin Funtuwa ma haka take, wani gari dogon yaro za ka ji, wani bedi, wani maina, duk bishiya ɗaya ce, kuma in ya bar kututturen nan bai ƙona shi ba zai ga ta feso kafin damina ta yi nisa.