Fatsa a Tafkin Kainji: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Kontagora: Ina kallon bidiyon Amurkawa suna kama wani kifi da suke kira bass a madatsun ruwansu, da ɗan kifin roba maimakon koto. Wannan dabara za ta yi aiki a Kainji?

Amsa: Za ta yi, amma ba bass za ka kama ba, don ba shi a ruwanmu. Wanda ya yi kama da shi a ɗabi'a shi ne giwan ruwa. Dukansu mafarauta ne, suna laɓewa a gindin dutse ko cikin itatuwan da ruwa ya shanye, su jira ƙaramin kifi ya gifta. Kainji kuwa ba ta rasa irin wannan maɓoya ba, domin da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Bussa.

Matsalar tana wajen kayan aiki. Bass mai kilo 4 babba ne a wurinsu, alhali giwan ruwa kan wuce kilo 50. Ƙugiyoyin da ke zuwa a jikin kifin robar bass sirara ne, giwa na ja sau ɗaya za su miƙe. Ka cire su tare da zobbansu, ka sa masu kauri. Zarenka ya zama mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25, sannan a bakinsa ka ƙulla wani mai kauri, tsawon mita ɗaya, mai ɗaukar kilo 40, saboda marfin kunnen giwa yana da kaifi, shi ke yanke zare idan ta juya.

Mu dai a ganinmu koto mai rai ya fi roba, kuma ya fi arha. Ka samu 'yar karfasa mai tsawon tafin hannu, ka soka ƙugiya mai lamba 6/0 a bayanta, ƙasa da ƙayar baya kaɗan, ba tare da ka taɓa ƙashin ba. In ka taɓa shi, ta daina motsi ke nan, giwa kuma ba ta cika kula matacce ba. Idan ta ɗauka, kada ka fizga nan take. Bar ta ta tafi da zaren taku biyu ko uku, sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi. Za ta yi tsalle tana girgiza kai, baki buɗe. A nan ne yawanci ake rasa ta: zare ya yi sako-sako, ƙugiya ta fita. Ka sunkuyar da kan sanda wajen ruwa, zare a miƙe. Lokacinta shi ne daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya.

Tambaya daga Yawuri: Sau da yawa ina jin an fizgi zarena, in jawo in tarar babu ƙugiya, bakin zaren kamar an sa reza. Mene ne wannan?

Amsa: Kifin da ake kira tsage ne. Haƙoransa ba su barin zaren roba komai kaurinsa. Ka sa siririyar waya mai tsawon santimita 25 zuwa 30 tsakanin zare da ƙugiya. Ka kuma wasa bakin ƙugiyar, ka gwada a farcenka: in ta zame, ba ta yi ba, don bakin tsage ƙashi ne. Wajen cirewa a yi amfani da filaya, ban da yatsa.

Tambaya daga Minna: Wurin da na cika kwando da karfasa a watan Disamba, na koma a Mayu na tarar da busasshiyar ƙasa, na matsa gaba kuma ko cizo ban samu ba. Kifin ya ƙare ne?

Amsa: Bai ƙare ba, ya bi ruwa. Kainji tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda damina ke kawowa daga Agusta, mai laka. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali, ya iso a sanyi, garau da shi. Daga nan ruwan kan yi ta ja da baya har zurfinsa ya ragu da kusan mita 10 kafin wata damina. Ban da haka, a bazara ruwan sama ya yi zafi, na can ƙasa kuma iskarsa ta ragu, don haka jefa dalma mai nauyi zuwa ƙasan zurfi ɓata lokaci ne. Nemi bakin gangare mai zurfin mita 2 zuwa 4, kusa da ciyawa ko dutse.

Ka cuɗa dusa da ruwa, ka dunƙula kamar ƙwallon fura, ka jefa uku ko huɗu a wuri guda, ka jira rabin awa. Ƙugiya ƙarama, lamba 10 ko 12, da guntun tana wanda ya rufe bakinta. Bakin karfasa ƙarami ne, babbar ƙugiya sai dai ta tsotse maka koto ta bar ka.

Idan za ka shiga kwalekwale a wannan lokaci, ɗauki masunci ɗan gari, ka kuma sa rigar hana nutsewa. Da ruwa ya ja baya, kututturan nan suna dab da sama, ido ba ya ganinsu, kuma su ne ke fasa jirage.