Shin Kayen da AlphaGo Ta Yi wa Ke Jie Ya Kawo Ƙarshen Tasirinsa?

Malam, ka tambaya ko kayen da manhajar AlphaGo ta yi wa Ke Jie ne ya durƙusar da shi a wasan Go, dara mai baƙaƙe da fararen duwatsu da Sinawa ke kira weiqi. A ganina ba haka ba ne.

An haifi Ke Jie a 1997 a birnin Lishui na lardin Zhejiang a ƙasar Sin, ya zama ƙwararren ɗan wasa a 2008, kuma a Janairun 2015 ya ɗauki kofin Bailing, nasarar da ta kai shi matakin dan 9, wato ƙololuwar daraja a wannan fage. Bayan shekara guda ya doke Lee Sedol na Koriya ta Kudu da ci 3 da 2 a kofin MLily.

A Mayun 2017 a garin Wuzhen, AlphaGo ta cinye Ke Jie a dukkan karawa uku, kodayake ta farko da rabin maki kacal aka rabu, kuma ya zubar da hawaye a ta ƙarshe. Sai dai bayan haka ya ƙara kofunan duniya huɗu, ciki har da na Samsung a 2020, inda ya kayar da Shin Jin-seo, matashin da daga baya ya karɓe ragamar wasan.