Tambaya da Amsa: Ɗana ya makale a lissafin rabi da sulusi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana da shekara 14, amma lissafi ya gagare shi, musamman tara lambobi masu sama da ƙasa irin su rabi da sulusi, da kuma darasin siffofi. Kullum yana yin aikin gida, amma shiru. Ta ina zan fara? — Wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki ƙara masa aiki, ki fara gano inda gizo ke saƙar. Ki ba shi tambayoyi huɗu a takarda, ba tare da kalkuleta ba: 7 × 8, da 56 ÷ 7, da wanne ya fi girma tsakanin 1/3 da 1/4, sai 1/2 + 1/3. Ki zauna kusa ki ga yadda yake yi.

In ya koma ƙirga da yatsu a 7 × 8, to daga ninkawa matsalar ta faro, kuma ita ce ke hana shi gane saura. Minti 15 a kullum sun isa, a kan sau 6, 7, 8 da 9, domin a nan yara suka fi tuntuɓe. Duk wadda ya faɗa, ya juya ta: 7 × 8 = 56, don haka 56 ÷ 8 = 7.

In kuwa ya ce 1/2 + 1/3 = 2/5, ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Kada ki ce masa kuskure ne kawai. Ki tambaye shi: ta yaya za a ƙara wani abu a kan rabi, amsar ta fito ƙasa da rabi? Sai ki yanko takardu uku masu tsayi ɗaya. Ya naɗe ta farko gida 2, ta biyu gida 3, ta uku gida 6, ya jera su. Da idonsa zai ga rabi daidai yake da 3/6, sulusi kuma 2/6, jimla 5/6. Lambar ƙasa girman yanki take faɗa, shi ya sa ba a tara ta, kuma shi ya sa 1/4 ya fi 1/3 ƙanƙanta duk da 4 ta fi 3. Na fi son a daɗe a wannan mataki kafin a ba shi ƙa'ida ya haddace, domin wadda aka haddace ba fahimta tana ɓacewa ranar jarrabawa. Rabawa ma haka: 3 ÷ 1/2 tambaya ce, rabi nawa ne a cikin 3? Shida.

A siffofi, abin da ya fi rikita su shi ne kewaye da girman fili. A takarda mai gida-gida ya zana siffa mai tsawo 6 da faɗi 2, da murabba'i mai 4 da 4. Kewayensu duka 16 ne, amma in ya ƙirga gidajen ciki, ta farko 12, ta biyu 16. Ya kuma yanka alwatika, ya yage kusurwoyinta uku ya haɗa bakunansu wuri ɗaya: za su ba da miƙaƙƙen layi, wato digiri 180.

Bayan mako biyu ki maimaita gwajin farko da wasu lambobi, misali 6 × 9 da 1/4 + 2/3. In ya sami 54 da 11/12, kuma ya iya yi miki bayani da bakinsa, sai ku wuce zuwa ɗebewa da kashi cikin ɗari.