Filin Tambaya da Amsa: Sai na sayi littafi goma kafin in gane labari ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na jima ina bin komik ɗin jarumi ɗaya, duk wata ba fashi. Kwatsam labarin da ake ciki ya tsaya, aka rubuta a shafin ƙarshe wai a nemi ci gabansa a littafin wani jarumi daban. Na nemo, na tarar shi ma guntu ne, ga jarumin nawa a ciki yana magana kamar ba shi ba. Da na koma nasa littafin, ashe har an kashe wani na kusa da shi a inda ban gani ba. Ni ne ban iya karatun ba, ko haka abin yake? Kuma dole sai na sayi duka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba laifinka ba ne. Ka faɗa cikin abin da manyan kamfanonin komik biyu na Amurka, Marvel da DC, suka mayar al'ada, wato haɗakar labari. Sai su ƙirƙiro babban rikici guda, su ba shi littafinsa na musamman, sannan su ɗaure littattafan sauran jarumai a jikinsa na tsawon watanni.

Asalin abin mai daɗi ne, shi ya sa lalacewarsa ke ci mini rai. Tun 1940 aka tara jarumai a teburi ɗaya cikin All Star Comics fitowa ta 3. A 1963, a fitowar farko ta Amazing Spider-Man, matashin jarumi Spider-Man ya je neman shiga ƙungiyar jarumai ta Fantastic Four don yana bukatar kuɗi, aka ce masa ba sa biyan albashi, ya kama gabansa. 'Yan shafuka ne kawai, amma sun nuna maka halinsa, sun kuma nuna maka cewa mutanen nan gari ɗaya suke zaune. Wadda na fi so ita ce ta 1984, lokacin da Walt Simonson ke rubuta Thor. A labarinsa an fasa wani akwatin tsafi da ke ɗauke da sanyin hunturu, sai ga ƙanƙara tana zuba a littattafan wasu jaruman na Marvel, alhali ba lokacinta ba ne. Wanda ke karanta Thor ya san dalili, ya ji daɗi. Wanda ba ya karantawa ya ga ƙanƙara, labarinsa ya ci gaba, bai rasa komai ba. Haɗaka ta gari ke nan, ba ta karɓi komai daga hannun mai karatu ba.

A 1984 ɗin kuma salon ya sauya. Marvel ta fitar da Secret Wars, fitowa 12, Jim Shooter ya rubuta, kuma an tsara shi ne tare da kamfanin kayan wasan yara na Mattel. Spider-Man ya bayyana da baƙar riga a nasa littafin, fitowa ta 252, amma bayanin yadda ya same ta sai bayan watanni ya zo, a Secret Wars ta 8. An sayar sosai, kamfanoni suka gane cewa mai karatu zai bi jaruminsa duk inda aka kai shi, da kuɗinsa.

Kuma ka duba yadda aikin yake daga ciki. Fitowa ɗaya shafi 20 ce zuwa 22. Marubuci ya tsara labarinsa na wata shida, sai edita ya ce masa fitowa biyu na tsakiya na haɗaka ne. Marubuta da yawa suna rubutu lokaci guda, kowa da irin fahimtar da ya yi wa jarumin, wasu ma ba su ga ƙarshen babban labarin ba tukuna. Daga nan tufka da warwara ke shigowa. A Civil War, haɗakar Marvel ta 2006 zuwa 2007, fitowa 7 na Mark Millar da Steve McNiven, Iron Man a babban littafin mutum ne mai hujja da za ka iya saurara, amma a wasu littattafan gefe ya koma kamar azzalumi. Hannu ne ya sauya, ba kai ka rikice ba.

Amma in ka tambaye ni, ba irin wannan saɓanin ne babbar ɓarna ba. Babbar ɓarna ita ce a yi abu mai nauyi sannan a share shi. A fitowa ta 2 ta Civil War, Peter Parker, wato Spider-Man, ya tsaya gaban 'yan jarida ya cire abin rufe fuskarsa, ya faɗi sunansa. Sirrin da ya riƙe tun 1962 ne ya tona da bakinsa. Sakamako ya biyo baya kamar yadda ya kamata, maƙiya suka san gidansu, harsashi ya sami gwaggonsa May. Nan ne labari ya kai inda marubuci na gari zai zauna ya yi shekaru yana aiki. Sai a ƙarshen 2007, cikin One More Day, aka sa shi ya ƙulla yarjejeniya da shaiɗanin labarin, Mephisto, aka shafe aurensa da Mary Jane wanda aka ɗaura tun 1987 don May ta rayu. Da aka shiga sabon babi, duniya ta manta wane ne Spider-Man. Wannan ya yi mini ciwo har yau, domin an ce wa mai karatu ya damu, ya damu ɗin, sannan aka ce masa abin bai faru ba.

To, dole sai ka sayi duka? A'a. Ka karanta babban littafin haɗakar idan ya ja hankalinka, ka ƙara da na jarumin da kake bi, ka tsaya nan. Ka riƙa duba sunan marubuci da mai zane a bango fiye da tambarin haɗakar. Inda marubucin da ka sani ne ya rubuta fitowar, yawanci muryar jarumin tana nan daram. Idan kuma kana iya haƙuri, jira a tattara labarin a kundi ɗaya, a jere.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga asalin Superman kala-kala a littattafai daban-daban. Wanne ne na gaskiya?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. DC ta sha rushe tarihinta tana sake ginawa. A 1961, cikin The Flash ta 123, aka kawo dabarar duniyoyi biyu don a haɗa tsohon Flash da sabo. Duniyoyin suka yi ta ƙaruwa har kamfanin ya ga sun yi yawa, sai Marv Wolfman da George Pérez suka narkar da su wuri ɗaya a Crisis on Infinite Earths, 1985 zuwa 1986. Ba zan raina wannan littafi ba. A fitowa ta 8, Barry Allen, wato sabon Flash ɗin, yana gudu yana zagaya makamin abokin gaba, jikinsa na zagwanyewa hoto bayan hoto, har ya rage sai riga babu kowa a ciki. Mutuwar ta yi nauyi saboda an bar ta fiye da shekara 20, sai 2008 aka dawo da shi.

Sai dai gyaran ya zama na gangar Auzinawa. A 1986 John Byrne ya sake rubuta asalin Superman, ya ce bai taɓa zama Superboy ba, wato bai yi jarumta yana yaro ba. Ita kuwa ƙungiyar Legion of Super-Heroes da Superboy ta yi koyi tun kafuwarta, don haka tushenta ya zube, aka shiga faci. Aka sake gyaran tarihin da Zero Hour a 1994, da Infinite Crisis a 2005, sannan a 2011 aka mayar da littattafai 52 fitowa ta 1, aka matse tarihin jarumai cikin shekara biyar, har Batman ya zama ya yi Robin, wato yaron da ke taimaka masa, har huɗu a ɗan wannan lokaci.

Saboda haka kada ki wahalar da kanki neman na gaskiya, kowane na zamaninsa ne. Ki fara da All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely, fitowa 12 tsakanin 2005 da 2008. Yana da farko, yana da ƙarshe, ba zai tura ki wani littafi ba. In Batman ne ya fi kwanta miki, Year One na Frank Miller da David Mazzucchelli, 1987, fitowa huɗu ne kacal.